RA'AYINMU: A Sa Wa Cin Bashi Linzami A Tsarin Mulki

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba mu musa ba. Amma mai albasa a kasuwar Ose ta Anacha, da mai shanu a Inugu, da ɗan dako a Fatakwal, duk sun san wanda ya ci bashi fiye da jarinsa ba ya daɗewa a rumfa. To, ina dalilin da za a bar Gwamnatin Tarayya ba linzami?

Kada a ce babu doka, akwai. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta ce rancen wucin gadi da bankin zai ba gwamnati kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata. Me ya faru? Rancen ya yi ta hawa har ya kai Naira tiriliyan 22.7. A watan Mayun 1999 aka koma mulkin farar hula da alkawarin bin doka, sai ga shi a Mayun 2023 Majalisar Ƙasa ta amince a mai da wannan rance bashin dogon lokaci, ta kuma zartar da ƙudurin ɗaga iyakar zuwa kashi 15. Ashe dokar da ƙaramin rinjaye ke iya gyarawa cikin yini guda ba shinge ba ce.

Wa ya biya? Talaka, a wurin awo da kuɗin motar zuwa gida da Sallah. Ga shi ba a daɗe ba da Ƙungiyar Paris ta yafe mana Dala biliyan 18 a 2005, muka biya wajen biliyan 12 don mu huta.

Saboda haka muna kira a rubuta iyakar a cikin Tsarin Mulki. Jamus ta yi haka a 2009, kuma da ta so sassautawa a 2025 sai da ta nemi kashi biyu cikin uku na majalisunta. Abin da muke nema ke nan: a sha wuya kafin a ƙara.

'Yan'uwa mazauna Kudu, Sashe na 9 ya ce gyara ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 sun yarda. Ribas da Anambara da Inugu suna ciki, haka ma jihohinku na asali. Ku taru wurin Sarkin Hausawa, ku rubuta wa wakilanku na nan da na gida.