Ranar Yaɓe Ma Ranar Kallo Ce

Wani abokina, malamin makaranta a nan Kucheri, ya fasa kai ɗalibansa yawon buɗe ido, wai ya ji ana gyaran gidan tarihin da suka nufa. Na ce masa ya tafka asara.

A Japan, lokacin da aka lulluɓe fadar Himeji domin gyara, daga 2009 zuwa 2015, ba a kori baƙi ba. Wuri aka tanadar musu can sama, suna kallon magina na aikin rufi. Wurin bautarsu na Ise kuwa, duk shekara 20 ake sake gina shi, na baya-bayan nan a 2013, don kada sana'ar ta bi dattawa kabari.

Mu fa? Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa, domin kowace damina sai ta ci rabonta. Amma yaranmu nawa suka taɓa ganin ana kwaɓa makuba, ko ana ɗora tubali a Hasumiyar Gobarau? Ƙofar Na'isa ta Kano ma rushe ta aka yi a 2010, aka sake ta da siminti.

Malam, ka kwashi yaran ku tafi. In an hana ku shiga, ku tambayi inda Sarkin Magina yake zaune.