Ƙungiyar Ƙwallo Amanar Gari Ce

Akwai maganar da ta yawaita a bakin samari da wasu masu hannu da shuni, daga nan Navrongo har Bawku, Yendi da Salaga: wai Arewacin Ghana ba ƙasar ƙwallo ba ce, gara mutum ya zauna gaban talabijin ya bi Chelsea ko Real Madrid. Ba mu yarda da wannan magana ba, kuma tarihi ne shaidarmu.

A 1976 aka kafa Real Tamale United. Cikin waɗanda suka ɗauki nauyinta har da marigayi Alhaji Aliu Mahama, haifaffen Yendi, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa. A cikinta tauraron Abedi Pele ya fara haske, shi kuwa tushensa Paga ne, maƙwabciyarmu. Ya ɗauki kofin Afirka da Black Stars a 1982, ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka sau uku a jere daga 1991, ya ci kofin zakarun Turai da Marseille a 1993. Yankin da ya reni irin wannan za a ce bai san ƙwallo ba?

Baiwa tana nan, riƙo ne ya yi ƙaranci. RTU ta faɗo daga babbar gasa a 2013, sai 2021 ta koma, ta sake faɗowa a 2024. Wa All Stars ta ci kofin ƙasa a 2016; a 2019 aka sayar da ita, aka kai ta Accra, aka raɗa mata Legon Cities. Da Bolga All Stars ta hau babbar gasa, a Tamale ta riƙa yin wasanninta na gida, don jiharmu ba ta da filin da ya dace. Ƙungiyar da ke rayuwa a kan aljihun mutum ɗaya ko alkawarin lokacin zaɓe, ranar da aljihun ya rufe, ranar take durƙushewa.

A dubi Japan. Da suka fara gasar ƙwararru a 1993 da ƙungiyoyi 10, an shardanta wa kowace ta jingina da garin da take wakilta. Kashima Antlers asalinta ƙungiyar ma'aikatan kamfanin ƙarfe na Sumitomo ce, a ƙaramin gari. Jiharta ta gina mata fili, mutanen gari suka rungume ta, yau ta fi kowa yawan kofin gasar.

Don haka muna kira ga sarakunanmu da attajirai da 'yan majalisa: a gina fili a wannan jiha, a buɗe wa talakawa ƙofar zuba kuɗi a ƙungiyoyinsu, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, a biya 'yan wasa hakkinsu a kan lokaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kuma samari, kuɗin rigar Chelsea guda ya isa tikitin wasannin gida da dama.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.