Gasar foka: Jiran kati mai kyau ne ke korar mai ƙaramin jari

A 1982, a gasar kartar foka ta duniya da ake yi a Las Vegas ta Amurka, kwandalar wasa ɗaya tak ta dala 500 ta rage wa Jack Straus. Da ita ya farfaɗo har ya lashe gasar. Masu ƙaramin jari kan fake da labarinsa su yi ta jiran gawon shanu, alhali a teburin da 'yan wasa suka ragu wannan kuskure ne.

Lissafin ba wuya. Idan saura mutum uku, duk rabon kati uku ɗan wasa zai biya zubin dole babba da ƙarami, ga ƙarin zubin da yawancin gasa ke ɗorawa yanzu, jimilla babban zubi biyu da rabi. Mai jarin babban zubi goma, rabo 12 kawai zai ƙare ko bai buga komai ba. As biyu kuwa, hannun da ya fi kowanne, sau ɗaya yake zuwa a rabo 221.

Zaɓinsa biyu ne: ya ajiye kati, ko ya tura duk abin da ke gabansa, musamman idan babu wanda ya riga shi shiga. As da kowane kati ya wadatar. Jarin goma yana sa abokan hamayya su janye. Idan ya koma uku, ko da tarkacen kati za a amsa masa.

Wuri ɗaya haƙuri ke da rana: idan wani ya fi shi kusa da ficewa, kuma tazarar kyautar na uku da na biyu babba ce.