Kada a Cinye Awar Zane

Ɗan makaranta da ya gama firamare ya shiga kwaleji yakan tarar da darussa da yawa suna jiran sa: lissafi, Faransanci, Ingilishi, tarihi, labarin ƙasa, ilimin halittu. Zane kuwa, in ma an ba shi wuri a tsarin mako, shi ne autan gida. In jarrabawar BEPC ta matso, malamin lissafi ya ce bai gama littafinsa ba, awar zane ake fara cinyewa. In an tambayi dalili, sai a ce zane wasan yara ne, ba ya ciyar da kowa. Wani kuma ya ce ai babu kayan aiki. Maganganun nan biyu duka akwai gyara a cikinsu.

Mai cewa zane ba ya ciyar da kowa, sai ya zaga kasuwa da safe. Tela yakan ja alli a kan yadi kafin ya sa almakashi. Kafinta da mai walda sukan zana ƙofa da awonta kafin su yanka katako ko ƙarfe. Dukawan Damagaram suna fidda adon jaka da na takalmi a kan fata. Matan Mirya da na Bubon suna yi wa tulu da randa ado, tukunyar da ta fi kyan zane kuwa ita ke fara samun mai saye. A garin Yama, cikin jihar Tawa, wani magini mai suna Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa. Kyan ginin ya sa aka ba shi kyautar Aga Khan a 1986. Mustafa Alasan kuma, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, da zane ya soma. A 1966 ya yi wani ɗan gajeren fim mai suna Bon voyage Sim, labarin wani shugaban kwaɗi da ya tafi ziyara. Kwaɗin duka da hannu ya zana su, hoto bayan hoto, har suka yi motsi a majigi. Fim ɗin ya kai sunan Nijar ƙasashe masu nisa.

Ko yaron da zai zama likita ko malamin gona yana da rabo a wannan darasi, domin zane yana koya wa ido kallo. A ce wa ƴan aji su zana akuya da ka. Kowa ya san akuya, wasu ma su ke ba ta dussa kullum. Amma da yawa za su rasa ta ina gwiwar ƙafar baya take lanƙwasa. A kawo akuyar a ɗaure a bakin aji, a sake cewa su zana. A ranar za su ga abin da suka shekara goma suna wucewa ba su gani ba. Idon da ya saba haka shi ne zai gane ganyen gero mai ciwo a cikin masu lafiya.

Maganar rashin kayan aiki tana da ƴar gaskiya. Fenti da farar takarda mai kauri daga waje suke zuwa, suna da tsada, aji kuma cike yake. Amma almajirin allo bai taɓa zama yana jiran tawada daga Faransa ba. Yakan kankare baƙin tukunya, ya dama da ƙaro, ya feƙe sillen kara ya yi alƙalami. Tawadar nan tana zane kamar yadda take rubutu. In an tsinka ta da ruwa ta yi toka-toka, in an bar ta da kauri ta yi baƙi ƙirin. Gawayi yana kowane murhu. Shi ne ma ya fi dacewa da mai koyo, don yana gogewa da tsumma, yana kuma bazuwa da yatsa. Takardar buhun siminti, in an kakkaɓe ta an shimfiɗa, tana karɓar gawayi da alli sosai. Tsinken da aka tauna bakinsa kamar asuwaki ya zama buroshi.

Launi ma akwai shi a gida. Jar ƙasa da farar ƙasa, in an daka an tankaɗe an dama da ruwan ƙaro, sun zama fenti. Ƙaron shi ke riƙe garin a jikin takarda. In ya yi kaɗan launi ya kakkaɓe, in ya yi yawa ya tsattsage. Karan dafi yana ba da ja irin na dukawa, gangamau yana ba da rawaya, shuni yana ba da shuɗi. Sai dai launukan ƙasa ba su da haske ƙwarai, in an gauraya su sukan dushe. Saboda haka ya kamata makaranta ta sayi fenti iri biyar kawai: ja, rawaya, shuɗi, fari da baƙi. Rawaya da shuɗi su ba da kore. Ja da rawaya su ba da ruwan goro. Ja da shuɗi su ba da shunayya. Fari ya haskaka, baƙi ya duhunta. Yaron da aka miƙa wa akwati mai launi 24 ba ya koyon wannan, don an riga an dama masa.

To, me za a koyar? Wasu malamai sukan zana mangwaro a allo su ce a kwafa. Ƴan aji 60 su kawo mangwaro 60 iri ɗaya, duk na malam. Wannan ɓata awa ne. Zane yana da tushe, kamar yadda karatu yake da baƙi da wasali. Farko layi: miƙaƙƙe, lanƙwasasshe, mai kauri, siriri. Daga layi sai siffa. Tulu da'ira ce da wuya a kanta. Rumbu ganga ce da hula. Wanda ya iya ganin manyan siffofi a jikin abu ya sami rabin aikin. Bayan haka sai haske da inuwa. A ajiye ƙwarya a bakin taga, a duba gefen da rana ta bugi da gefen da ya yi duhu, da inuwar da ta faɗi a ƙasa. Inuwar nan ita ke sa da'irar da ke kwance a takarda ta taso kamar a ɗauka.

Awo shi ya fi ba yara wuya. Sukan yi mutum da ƙaton kai, su sa masa idanu a goshi. Alhali idanu a tsakiyar kai suke, tsakanin haɓa da ƙoƙon kai. Tsayin babban mutum kuma ya kai tsawon kansa sau bakwai ko fiye kaɗan. Ana gwada wannan da fensir: a miƙe hannu, a rufe ido ɗaya, a auna kai da babban yatsa, a ƙirga shi a jiki. Nisa ma yana da ƙa'ida. Wanda ya tsaya a tsakiyar miƙaƙƙiyar hanya zai ga gefunanta suna matsowa har su haɗu can inda sama ta taɓa ƙasa, itatuwa kuma suna ƙanƙancewa.

Akwai iyayen da ba su son ƴaƴansu su zana mai rai, saboda addini. Bai kamata a yi musu gardama a bakin aji ba. Fagen ado yana da faɗi. Ga zayyanar allo, ga dagi, ga aska takwas a gaban babbar riga, ga adon faifai da tabarma, ga zanen bangon tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram. Duk a kan abu biyu suke tafiya: maimaita siffa da daidaita dama da hagu. A ninka takarda biyu, a zana rabin ado da jiƙaƙƙiyar tawada, a danne, a buɗe. Rabi na biyu ya fito da kansa. Abin da malamin lissafi ke wahalar bayyanawa da kamfas ke nan.

Wani zai ce zane baiwa ce, ba kowa Allah ya ba ba. Haka ne, ba kowa zai zama Mustafa Alasan ba. Amma ba a hana yaro koyon rubutu don ba zai wallafa littafi ba. Malam ya duba ko yaro ya kalli abin da kyau, ko ya auna, ko zanensa na watan Mayu ya fi na Oktoba. A kan wannan ya kamata a ba da maki.

Abin da ake nema daga shugaban makaranta kaɗan ne: akwati ɗaya mai makulli, gwangwanin fenti biyar, mudun ƙaro, da igiya a bangon aji inda za a rataya aikin kowa. Buhunan siminti, gawayi da jar ƙasa, ƴan makaranta za su kawo da kansu. Malami kuma, in babu wanda ya karanci zane, a gayyato baduku ko mai tukwane daga cikin gari ya zauna da aji sau ɗaya a wata, a biya shi ladan yininsa.