Editan Kod Ba Na 'Yan Sashen Kwamfuta Kaɗai Ba Ne

Ranar da abokan karatuna suka tarar da ni ina girka editan kod a kwamfutar tebur da ke ɗakinmu, dariya suka yi mini, har wani ya tambaye ni ko na sauya sashe ne. A ganinsu wannan manhaja ta masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta ce, babu abin da ya haɗa ta da ɗalibin Hausa. Ni kuwa ra'ayina shi ne, duk ɗalibin da zai rubuta kundi a wannan fanni namu ya kamata ya girka ta tun kafin ya fita neman bayanai. Wuya ce ta koya mini haka.

A zangon da ya wuce na yi hira da wasu dattawa a Sabo ta Ibadan, na zauna na buga hirarrakin a fayil 14 da wani tsohon samfurin haruffa da aka ba ni a filashi. A kwamfutata komai lafiya lau. Da na kai shagon buga takardu, sai duk inda ƙ take ta koma alamar baka, ɗ da ɓ su ma suka rikiɗe. Mai shagon ba ya jin Hausa, don haka bai ga wani aibu ba, ya buga, na biya. Ai kun san yadda abin yake a nan kudu: idan kai ba ka duba aikinka ba, babu mai duba maka.

Dalilin ɓarnar shi ne, irin waɗancan samfurori dabara kawai suka yi, suka zana ƙ a gurbin wata alama. Ido yana ganin ƙ, amma abin da ke ajiye cikin fayil baka ce. Tun 1991 aka fito da tsarin Unicode wanda ya ba kowane harafi lambarsa: ƙ tana da U+0199, ɗ tana da U+0257, ɓ kuma U+0253, har ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa a inda mu muke sa 'y tana da tata. Amfanin editan kod shi ne ba ya yi maka kwalliya. Abin da ke cikin fayil shi zai nuna maka, ko da daɗi ko ba daɗi.

Girkawar ba ta da wahala. Ni Visual Studio Code na ɗauka, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 2015, kuma kyauta ne. A sauke shi daga shafinsa na ainihi, kada a karɓa daga filashin da ya zaga kwamfutoci goma. Akwai nau'in da ake girka wa mai amfani ɗaya, wanda ba ya neman izinin mai kula da na'ura. Sai dai tun 2022 ya daina tafiya da Windows 7, saboda haka mai tsohuwar kwamfuta ya nemi Notepad++, wanda Don Ho ya fara fitarwa a 2003, ga shi ƙarami, ba ya cinye data.

Saitin ne ya fi muhimmanci, kuma nan ne mutane suke gaggawa. Da ka buɗe fayil, dubi ƙasan allo ta hannun dama, ka tabbata an rubuta UTF-8, domin shi ne tsarin ajiyar da zai riƙe maka haruffa masu lanƙwasa a kowace kwamfuta. Ka kunna ajiya ta kai-tsaye saboda halin wutar lantarkinmu, wadda ba ta sallama idan za ta tafi. Ka danna Alt da Z don dogayen layuka su naɗe. Sannan ka ƙara allon madannai na Hausa da ke cikin Windows, domin editan ba zai ƙirƙiro maka ƙ ba, kai ne za ka buga ta.

Da na mayar da fayilolina rubutu zalla, na zuba su a folda guda, sai na umarci editan ya nemo bakar nan a dukkansu ya musanya ta da ƙ. Aikin da na yi zaton zai ci mini mako bai kai rabin awa ba. Amma fa a yi hattara, kowane allazi da nasa amanu. Wani abokina da ya saba rubuta 'd a madadin ɗ ya yi musanya ta bai-ɗaya, sai duk kalmar da ta fara da d bayan alamar zance ta samu lanƙwasa, Daura ta koma ɗaura. Na'ura ba ta san bambancin kura da ƙura ba, ba ta kuma san cewa alamar da ke cikin sa'a da jama'a hamza ce ba. Kafin kowace musanya ka kwafe foldar ka ajiye gefe, ka kuma karanta jerin wuraren da ya nuna maka kafin ka amince.

Masu cewa Word ya wadatar suna da hujja, ban musa ba. Shi ne na tsara shafi da jadawali da bayanan ƙasan shafi, kuma da shi zan miƙa kundina. Gaskiya ne kuma cewa fuskar editan duk Turanci ce, tana iya firgita mutum a ranar farko. Abin da nake cewa shi ne, ɗanyen bayani, wato hirarraki da karin magana da jerin kalmomi, a rubutu zalla ya kamata ya zauna, inda za ka iya ƙirga sau nawa wata kalma ta fito a bakin dattawan Sabo cikin daƙiƙa kaɗan.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su ware yammacin wata Asabar a zangon nan, 'yan aji uku su zo da fayilolinsu mu girka tare. Zan zo da manhajojin biyu da na sauke da hannuna, da kuma waccan takarda mai cike da baka don kowa ya gani.