Baje Koli: Riba Tana Zuwa Bayan An Tashi Kasuwa

Bara ƙanwata, malamar firamare, ta kama rumfa a wani bikin baje koli. Wata uku ta yi tana saƙa kayan jarirai da kwarashi bayan sallar isha'i: huluna, safa da 'yan riguna masu ruwan hoda da shuɗi. Ranar da aka tashi, ta zazzage jakarta a kan tabarma ta ce, "Yaya, ka ga ciniki!" Na ce ta ɗauko biro. Muka cire kuɗin zare, na rumfa, na mota safe da yamma, na abinci, da ladan yarinyar da ke tsare mata kaya lokacin da take aji. Abin da ya saura bai biya wahalar dare goma ba.

Ciniki daban, riba daban. Kuskuren yawancin masu sana'ar hannu shi ne ba sa yi wa lokacinsu kuɗi. Mai ɗinkin hula zai shafe makonni da allura a kan zanna bukar ɗaya, sai mai saye ya taya ta kamar ta inji. Shi kuma don kada ya koma gida da kaya, sai ya ce ya sallama. Haka baduku, haka mai faifai da tabarmar kaba. Uwar kuɗi ta dawo, gumi ya tafi a banza.

Duk da haka ban ce kowa ya fasa ba. Mako uku bayan bikin, wata mai shago da ta karɓi lambar ƙanwata ta kira tana son sari. Daga nan sai masu suna suka fara aiko da saƙo ta WhatsApp, kowa na ba da rabin kuɗi kafin a kama zare. A nan ribar take. Baje koli wurin nuna hannu ne da kama abokan ciniki, wanda ya je don ya cika aljihu a kwana goma zai dawo da ɓacin rai.

Wurin ma a zaɓa. A manyan bukukuwan Kaduna da Kano, mai sassaƙa na iya tsintar kansa tsakanin masu janareto da masu robobi. Maƙwabtanmu sun ware wa aikin hannu nasa dandali: SIAO a Wagadugu tun 1988, da SAFEM na mata masu sana'a a Yamai. Mai shiga can aikin hannu ya zo nema, ya kuma san darajarsa. Ƙasar da ta sa hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane, a kan takardar naira 20 ta cancanci irin wannan, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu za su iya farawa da ware layi guda mai rangwamen kuɗin rumfa.

Kafin nan, mai albashi da ke son gwadawa kada ya ci bashi. Ya haɗa rumfa da mutum biyu ko uku, ya kai ƙananan kaya masu saurin fita, ya sa ladan aikinsa cikin farashi, ya manna lambar wayarsa a jikin kowane kaya.

Bana ma ƙanwata za ta koma. Su uku suka kama rumfa, kuma littafin rubuta sunayen masu oda ta fara sakawa a jaka.