Zama ma yana cin mota

Mutane da yawa suna cewa mota idan ta zauna ba ta cin komi, ba ta lalacewa. Don haka mutum zai sayar da albasa ko wake, ya sayi mota, ya kafa ta gindin itace, ya rufe ta da tamfol. Ba ya tayar da ita sai ran kasuwa mai nisa ko ran biki. A ganinsa tattali yake yi. A ganina hasara yake tarawa. Mota ba hatsi ba ce da za a zuba cikin rumbu a jira bazara. Zaman mako ɗaya ko biyu ba ya yi mata komi, amma zaman watanni yana cin ta. Ga dalilai.

Na farko, man inji. Ƙarafan cikin inji suna gugar juna, mai ne ke shiga tsakaninsu. Idan mota ta daɗe tsaye, man yana tsiyayewa ƙasa, sai kaɗan ya rage jikin ƙarafan. Ranar da aka tayar da ita, ƙarfe zai gogi ƙarfe kafin mai ya hau. Da damina kuma, laima tana iya sa tsatsa ta kama ƙarfen da ya bushe.

Na biyu, batir. Ko ba a taɓa shi ba, yana zubar da wutarsa sannu a hankali. Zafi yana ƙara masa saurin zubarwa, ga shi a ƙasarmu zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Sababbin motoci ma suna jan wuta kaɗan ko suna kashe. Batirin da ya daɗe babu wuta ba ya komawa kamar da, ko an sake cika shi.

Na uku, man fetur, wato isansi. Shi ma yana tsufa. Cikin wata 3 zuwa 6 yakan fara lalacewa, ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro. Wannan danƙo yana toshe ƙananan hanyoyin da mai ke bi zuwa inji.

Na huɗu, abin da ke kewaye da inji. Taya tana sacewa, rana tana tsattsage ta. Ɓeraye suna shiga su ci wayoyin wuta. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka cikin ramukan iska.

Wani zai ce: "Ai ni kowace safiya ina tayar da tawa minti 5, sa'an nan in kashe." Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku lura da wannan: duk lita 1 ta fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita 1, a matsayin tururi. Idan inji ya yi zafi sosai, wajen digiri 90, tururin yana fita tare da hayaƙi. Idan bai yi zafi ba, wani sashe yana komawa ruwa, ya gauraya da man inji, ya kwanta cikin bututun hayaƙi, ya sa shi tsatsa. Ban da haka, tayarwa tana cin wutar batir da yawa, minti 5 kuwa ba su isa su mayar da ita ba.

Wani kuma zai ce mai yana da tsada, don me zai ƙone shi banza? Gaskiya ne, yana da tsada. Amma a auna kuɗin lita 2 ko 3 da kuɗin sabon batir da ladan bakanike. Kuma ba sai an yi tafiyar banza ba: a haɗa ta da zuwa kasuwa ko kai kaya gona.

Ga abin da ya kamata mai mota ya yi:

1. Kowane mako, ko aƙalla kowane mako 2, ya hau hanya da ita minti 20 zuwa 30.

2. Ya yi juyen mai aƙalla sau ɗaya a shekara, ko motar ba ta yi tafiya ba. Inda ƙura ta yi yawa, kamar wajenmu, kowane wata 6 ya fi.

3. Idan za ta zauna fiye da wata ɗaya, ya cire wayar batir mai alamar ragewa (−). Ya ajiye motar a inuwa, ya cika tayoyi da iska.

4. Kada ya bar birkin hannu a ɗaure tsawon watanni, don yana iya maƙalewa. Ya tokare tayoyi da dutse ko itace.

5. Kafin ya tayar da ita bayan dogon zama, ya buɗe gaban motar ya duba mai da ruwa da wayoyi.

6. Kada ya taɓa tayar da inji cikin rufaffen ɗaki. Cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, tana kuwa kisa.

Masu noman rani na Galmi da Ƙwanni da Jiratawa, wannan magana ta shafi injinku na ban ruwa. Kafin ku ajiye shi da damina, ku tsiyaye fetur da ruwan da ke ciki, ku zuba sabon man inji, ku ɗora shi bisa katako a wuri busasshe.

A ƙauyuka da dama mota ɗaya ce tak. Ita ake nema da tsakar dare idan naƙuda ta yi wa mace tsanani, ko maciji ya sari yaro. Idan ta ƙi tashi a wannan dare, hasarar ta wuce ta kuɗi. Wanda ba zai iya kula da mota ba, gara ya sayar da ita tun tana da daraja, ko ya ba amintaccen direba ta riƙa aiki. Wanda ya riƙe ta kuwa, ya riƙa motsa ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.